Kokowar Da Ba Mai Faɗuwa

Ran da na dawo Maradi bayan shekara shida a Lome, ban ko sauke jakata ba ɗan baffana Sha'ibu ya ba ni muƙami. Ya tarbe ni a tasha sanye da kwat cikin zafin bazara, gumi na bin wuyanshi, ya miƙo mani wata ƴar takarda mai ɗauke da sunanshi, a ƙasa an rubuta Direkta Janar.

"Direktan mi?" na tambaye shi.

"Na kamfanin wasannin waya na farko a duk faɗin Maradi. Kai kuma daga yau kai ne shef na sashen ɗaukar hoto."

"Mu nawa ne a sashen?"

"Kai ɗai. Shi ya sa ba mai yi maka gardama."

Da yake zaman gida na kwana biyu ma ƙaiƙayi yake sa ni, washegari na bi shi biro, wato ofis.

Biron nan ɗakin ajiyar buhuna ne a bayan kantin baffanmu Alhaji Illo, a Sabon Gari. Alhaji babban ɗan kasuwa ne, motocinshi na albasa da wake ba sa hutawa, kuma ya riga ya ga ƙarshen kiwon zomayen Sha'ibu da na kamfanin ƙanƙararshi. Saboda haka da ya ba da aron ɗakin sai ya haɗa da sharaɗi. Wata uku. In ya ga wasan da idonshi yana aiki, ɗaki ya zama biro har abada. In bai gani ba, garkarshi ta Jiratawa, wato lambunshi, tana neman mai ban ruwa. Sha'ibu kuwa da ya riƙe fartanya gara ya riƙe maciji.

Na tarar wata guda ya riga ya wuce. Abin da aka yi a cikinshi yana jikin bango: wani ƙaton jadawali da alli, daga rufi har ƙasa, Sha'ibu na kiranshi planin. Mataki na ɗaya, zaɓen suna. Mataki na biyu, buga katin Direkta. Haka har mataki na tara, tarbar baƙi daga Japan.

A lungu, kan buhun wake, ƙanwarshi Atika ce zaune da kwamfuta a cinya. Ita ce ta karanci aikin a jami'a, ita kaɗai ce a kamfanin ta san inda ake latsawa.

"Wasan kokowa ne," Sha'ibu ya ce mani, yana nuna bango da sanda. "Ba zanen banza irin na Turawa ba. Ƴan kokowarmu na gaske za mu saka, da fuskarsu, da walkinsu. Tsibiri da Jiratawa cikin aljihun kowa!"

"Yaya," in ji Atika, ba ta ko ɗago kai ba, "sati huɗu ina gaya maka abu uku nike so. Bidiyon kamu, bidiyon kaye, bidiyon faɗuwa. In ban ga yadda jiki ke motsi ba, mi zan zana?"

"Wanga mataki na huɗu ne."

"Muna na nawa?"

"Muna gab da na uku."

"Mi ke na uku?"

Ya duba bango. "Reniyo."

Muka yi reniyo, wato taro, mu uku, ya buɗe da addu'a ya rufe da tafi. Washegari muka hau moto muka nufi Jiratawa.

Mun sami Ilyasu Turmi, gwanin kokowar garin, tsakiyar garkar zogale yana buɗe ma ruwa hanya. Mutum ne wanda in ya tsaya a ƙofa sai ɗaki ya yi duhu. Sha'ibu ya yi mashi bayani da Faransanci rabi da Hausa rabi. Ilyasu ya saurara, sannan ya jingina fartanya.

"Tsaya, Direkta. Wato in wani can a Damagaram ya latsa waya, sai in faɗi?"

"A'a, ai hoto ne kawai."

"Hoton wa?"

"Naka."

"To ni ne ke nan. Shekara huɗu gwiwata ba ta taɓa ƙasa ba. Ba za ta fara taɓawa a hannun mai cin gyaɗa a tasha ba. Da wa za ku haɗa ni?"

"Shamsu Guduma, na Tsibiri."

Ilyasu ya yi murmushi har haƙoran ciki suka fito. "Shi zai riƙa faɗuwa ke nan."

"To da wa?" in ji Sha'ibu, ya bugi ƙirji. "Na yi maka alkawari gaban shaidu. Kai ba ka faɗuwa."

Shaidun ni ne da wata akuya.

A Tsibiri ba Shamsu ne ya yi magana ba. Yana zaune bisa turmi yana shan fura, mahaifiyarshi Hajiya Salima ce ta tsare mu a zaure, hannu a ƙugu.

"Ɗana ko a mafarki ba ya faɗuwa. Ran da ya yi mafarkin santsi sai da na yi sadakar masa. Da wa za ku haɗa shi?"

"Ilyasu Turmi, Hajiya."

"Mai zogale? Shi zai riƙa faɗuwa ke nan."

Na taka ƙafar Sha'ibu. Ya janye ƙafar, ya bugi ƙirji.

"To da wa, Hajiya?"

A hanyar dawowa na ce mashi, "Ka san ka sai da doki ɗaya ga mutum biyu?"

"Kai ka daɗe a waje, ba ka san aikin tafiyar da jama'a ba. Direkta ba ya cewa a'a. Yana cewa to, sannan teknik ta gyara."

Da teknik, wato Atika, ta ji labari, sai ta rufe kwamfutarta a hankali.

"Yaya, kokowar da ba mai faɗuwa sunanta runguma."

"Ke dai ki yi yadda na alkawarta. Kar ki kada ko ɗaya. Kafin ranar zan lallashi ɗayansu, yana cikin planin."

Ya ɗauki alli ya saka shi cikin planin.

"To na ji," in ji Atika. "Amma ko wa za ka lallasa, sai na ga mutum ya faɗi in kwaikwayi faɗuwar. Kawo mani mai faɗuwa."

Nan aka shiga nema. Masu dakon kantin Alhaji suka ce su suna da surukai a unguwa. Wani ɗan kabu-kabu ya yarda, da ya ga hoton Ilyasu sai ya tuna yana da fasinja. Sha'ibu ya ɗaura ma buhun gero walki, ya tura shi daga kan benci, na ɗauka. Atika ta kalla sau ɗaya.

"Ina ƙafafunshi?"

"Ki ƙara mashi."

"Yaya, wanga faɗuwar buhu ce. Duk wanda ya gani zai ce farashin gero ne ya sauka."

Saura sati biyar. Sha'ibu ya tsaya gaban bango ya daɗe, sannan ya juyo da fuskar wanda zai ba da ranshi don ƙasa.

"Ni zan yi. Manyan direktocin duniya duk haka suke, su ke fara shiga wuta. Amma ki canza fuskar."

"Sai ka ba ni lokacin canzawa. Kwana uku ne."

Ya share abin da ke mataki na shida, ya rubuta da manyan baƙaƙe: Mataki na shida, canza fuskar Direkta, kwana uku.

Muka koma Jiratawa. Sha'ibu ya cire kwat, ya rage daga shi sai singileti da wandon kwat ɗin. Ya zana da'ira a bakin garka, ya ja Ilyasu gefe.

"A hankali za ka yi. Kamar wasa. Ka kama nan, in na ce ɗaya, biyu..."

Bai kai uku ba. Ni dai na ga ƙafafu biyu a sama, sai ƙara, sai murya daga cikin taɓo: "Wayyo ƙuguna!"

"Ka ɗauka?" ya tambaya, yana tofar da laka.

"Yatsana ya rufe rabi."

Aka sake. Na biyu rana ta haske hoton. Na uku akuya ta gitta. Matan da ke tsinkar zogale suka bar kwandunansu suka zo suka zauna. Wata tsohuwa ta ce, "Ilyasu, mi bawan Allah wanga ya yi maka?"

"Aiki ne, Inna. Shi ne shugaba."

"To Allah ya raba mu da shugabanci."

Sau goma sha biyu aka kada Direkta a ranar. Kafin mu iso Maradi labari ya riga mu zuwa Tsibiri, sai ga kiran Hajiya Salima.

"Na ji mai zogale ya samu kaye goma sha biyu a cikin wayarku. Ɗana nawa ya samu?"

"Hajiya, ai wancan gwaji ne kawai..."

"Gobe da hantsi muna jiranku. Sha uku."

Tsibiri kuwa ba taɓo, ƙasa ce busasshiya kamar daɓe. Shamsu mutum ne mai kunya, kowane kaye sai ya ce, "Yi haƙuri, Direkta," sannan ya ɗaga shi sama. Hajiya na zaune bisa kujera tana ƙirgawa da carbi. Da aka kai sha uku ta ce na bakwai bai yi ƙara ba, a sake shi.

Kwana huɗu Sha'ibu yana tafiyar da kamfani a kwance rub-da-ciki bisa buhuna. Amma bakinshi lafiya lau, kuma da bakin ya jawo sauran.

Maƙwabta sun ji ana saka mutane cikin waya. Mai shayin bakin kanti, Maliki, shi ya fara leƙowa.

"Direkta, kokowa ai sai da ƴan kallo. Ni fa?"

"To."

Tela ya zo. To. Mai faci ya zo da ƙanenshi biyu. To. Mai unguwa ya aiko da hotonshi na aikin hajji. To. Kafin sati ya zagayo Atika na da fuska arba'in da ɗaya da za ta zana a bakin fili. Ba su kuma tsaya nan ba. Maliki ya dawo ya ce an yi mashi tumbi.

"Kana da tumbi, Maliki," in ji Atika.

"Ina da shi a duniya. Dole sai ya bi ni cikin waya?"

Tela ya ce don mi aka zaunar da shi bayan mai faci, alhali ya girme shi da shekara tara. Ilyasu ya aiko a zana mashi layunshi duka bakwai. Aka zana. Malaminshi ya aiko a goge, kar ƴan Tsibiri su ƙirga su san sirrin. Aka goge. Hajiya Salima ta aiko a ƙara ma Shamsu faɗin kafaɗa.

"Yaya," in ji Atika ranar da ya rage sati guda, "ka zaɓa. Ko in gama ƴan kallonka, ko in yi abin da ya rage."

"Duba planin. Abin da ke bango shi ne doka."

Ta duba. Mataki na shida, na canza fuska, ba ya nan. Da safiyar ranar Sha'ibu ya rasa inda zai rubuta sunayen manyan baƙi na bikin buɗewa, ya sa hannun riga ya share tsakiyar bango. Maganar lallashi ma ta tafi tare da shi.

"Ka tabbata bango ne doka?"

"Kin taɓa ganin na yi magana biyu?"

Ta dube ni, na dubi rufi.

Ranar biki, bayan la'asar, aka fito da babbar tele ta ɗakin Alhaji aka ɗora bisa tebur a ƙofar kanti. Ƴan Tsibiri suka zo cike da mota, da makaɗansu. Ƴan Jiratawa suka zo bisa motoci da amalanke, da nasu makaɗan. Kowane ɓangare an gaya mashi ya zo ya ga faɗuwar ɗayan. Alhaji Illo ya zauna a tsakiya cikin babbar riga, yana taunar goro.

Sha'ibu ya yi jawabi na rabin awa. Ya gode ma sashen teknik, da sashen hoto, da hangen nesan shugabanci. Ya ce Japan ta shirya. Sannan ya miƙa ma Ilyasu waya ɗaya, Shamsu ɗaya, aka kunna.

Gaskiya abin ya yi kyau. Ga fili, ga rairayi, ga Turmi ga Guduma kamar ka kira su su amsa. Maliki ya hango kanshi ya yi ihu, "Ga ni can! Ku dubi cikin, kamar na soja!" Makaɗa suka saki ganga.

Ƴan kokowar cikin tele suka kama juna. Ilyasu ya danna waya da ƙaton yatsanshi, Guduma na cikin tele ya tanƙwara baya har kanshi ya kusa ƙasa. Ƴan Jiratawa suka miƙe tsaye. Sai ya dawo tsaye cak kamar reshen dogonyaro. Shamsu ya danna, Turmi ya karkata, ƴan Tsibiri suka fara guɗa. Shi ma ya dawo.

Minti biyar. Minti goma. Makaɗa suka gaji suka rage hannu. Wani daga baya ya ce, "Kokowa ce ko sun daɗe ba su ga juna ba?"

"A kawo masu tabarma su zauna su gaisa!"

Hajiya Salima ta miƙe, ta gyara mayafi. Muryarta ba ta buƙatar lasifika.

"Direkta! Yaushe mai zogalen zai faɗi? Kai ka ce mani shi ne mai faɗuwa, a zaurena, gaban wanga mai ɗaukar hoto."

Ganga ta tsaya. Ilyasu ya ajiye waya a hankali.

"Ni? Ni ya ce ma Guduma ne zai faɗi. A garkata. Gaban wanga mai ɗaukar hoto."

Duk idanu suka juyo kaina. Na ce ni shef ɗin hoto ne, ba na sashen alkawari ba.

Ƴan kokowar biyu suka miƙe tare, karo na farko a tarihin garuruwan nan da suka nufi wuri ɗaya ba don juna ba. Sha'ibu ya ja da baya, ya ja da baya, har ya samu kanshi tsugune bayan kujerar Alhaji.

"Ku tsaya, ƴan'uwa, matsala ce ta teknik..."

Alhaji ya ɗaga hannu ɗaya, kowa ya tsaya. Ya cire goro daga baki.

"Atika. Duk cikin abin nan ba mai faɗuwa ko ɗaya?"

"Akwai ɗaya, Baba. Na gwaji ne."

"Sa mu gani."

"Kar ki sa!" in ji murya daga bayan kujera.

Ta sa.

Sai ga wani siririn mutum ya shigo fili, singileti da wandon kwat, yana tafe yana ɗaga ma ƴan kallo hannu. Fuskar nan ko jaririn Sabon Gari ya san ta. Ilyasu ya ɗauki waya, ya taɓa da ɗan yatsa. Ƙafafu biyu suka tashi sama, tele ta ce da ƙarfi, "Wayyo ƙuguna!"

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Mai unguwa sai da hularshi ta faɗi. Makaɗan Tsibiri da na Jiratawa suka haɗa kiɗa ɗaya. Shamsu ya karɓi waya, ya ce, "Yi haƙuri, Direkta," ya danna. Faɗuwa iri ashirin da shida Atika ta zuba a ciki, ba wadda ta yi kama da ƴar'uwarta: ta taɓo, ta daɓe, ta ƙeya, ta wadda takalmi ke tashi shi kaɗai. Ilyasu da Shamsu suka zauna kafaɗa da kafaɗa suna miƙa ma juna waya, kowa na yaba kayen ɗan'uwanshi. Hajiya Salima ta ce a ba ta ita ma ta gwada. Jama'a suka yi layi ana tura masu wasan cikin wayoyinsu, tele kuwa ba ta fasa kukan ƙugu ba.

Daga ƙarshe Alhaji ya miƙa hannu. Atika ta nuna mashi inda zai latsa. Ya kada Sha'ibu sau uku a jere, a natse, kamar mai duba ingancin kaya. A na ukun kafaɗunshi suka fara rawa, ya sa gefen rawani ya share ido.

Sha'ibu ya ga baffa na dariya, sai ya fito daga bayan kujera, ya kakkaɓe kwat, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Kun gani? Dubi jama'a! Dubi Tsibiri da Jiratawa sun zama ɗaya! Baba, duk wanga ni na tsara shi tun farko. Sirrin kamfani ne, shi ya sa ban gaya ma kowa ba."

"Kai ka tsara?"

"Daga farko har ƙarshe, Baba."

Alhaji ya gyaɗa kai. Ya laluba aljihu ya fiddo makullin ɗakin buhuna, ya miƙa ma Atika.

"Wasa na gan shi da idona, na kuma ga wadda ta yi shi. Ɗaki naki ne." Sannan ya juyo ga Sha'ibu. "Kai kuma, tunda Allah ya ba ka baiwar tsari, tsara mani yadda za ka isa Jiratawa gobe kafin a saki ruwa."

Ilyasu Turmi ya dafa kafaɗar Direkta da hannu ɗaya, har gwiwoyinshi suka lanƙwashe.

"Kar ka damu, Alhaji," ya ce. "Garkarka tana jikin tawa. Ni zan riƙa kula da shi kullum."